Rasuwar Bahagon Japan da Safar da Ya Bari a Cadawa

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Iyayen 'Yan Wasan Besbol ta Cadawa, a gundumar Agiye ta jihar Maraɗi, ƙarƙashin jagorancin shugabanta Alhaji Yahuza Ɗan Azumi, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar babban baƙonta kuma malamin 'ya'yanta, tsohon gwanin jifa na ƙasar Japan, Malam Tokuji Hamagishi, wanda manya da yara a nan suka fi sani da Bahago, ya kuwa rasu a garinsu yana da shekara sittin da huɗu. Labarin ya iso mana kwana tara da suka wuce, amma ba mu fitar da wannan saƙo ba sai yau, domin bakin da ya kawo shi ba mu san shi ba. Sai da Mushe Dikko, malamin lakol, wato makarantar bokon gari, ya bincika a salularsa, ya nuna wa kwamiti hoton marigayin a wata jaridar ƙasarsu da baƙin zane kewaye da shi, sannan muka yarda.

Abin da muka sani na rayuwarsa shi ne abin da ya faɗa mana da bakinsa a gindin bishiyar bedin da ke bakin filin wasa, kuma ba za mu ƙara komai a kai ba. Ɗan masunci ne daga wani ƙaramin gari na bakin teku. Yana da shekara goma sha takwas wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi a matsayin mai jifa, wato wanda ke tsayawa a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya yi ƙoƙarin bugunta da sanda. Da hannun hagu yake jifa, daga gefe, kamar mai watsa iri. A shekararsa ta shida jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa aiki, ya yi shekara biyu ba ya wasa, har mutanen garinsu suka daina tambayar mahaifinsa labarinsa. Da ya dawo bai koma sahun farko ba, sai ya zama wanda ake kira a ƙarshen wasa ya riƙe nasarar da wasu suka ɗauko, ya kuma yi shekara shida a haka kafin ya ajiye. Tabon ɗinkin nan mun gan shi da idonmu, domin yakan naɗe hannun riga ya nuna wa duk yaron da ya nemi wuce adadin jifan da ya ƙayyade masa a yini.

Shekara goma sha biyu ke nan da ya fara zuwa Cadawa tare da masu aikin rijiyoyi. Ranar farko aka miƙa masa ƙwaryar fura ya karɓa da hagu, dattawa suka ɓata rai. Da aka fahimtar da shi, sai ya yi wata guda yana koyon cin tuwo da dama, miya na zuba a rigarsa, yara na dariya, bai fasa ba. Shi ya share filin bayan kasuwa, ya tara ƙasa ya yi tudun jifa, ya koya wa yara maza da mata sama da sittin, wasu daga Gazawa suke zuwa a keke. Bai taɓa riƙe yaro a fili ba idan an kira salla ko lokacin noma ya yi.

A wata kaka ce ya ga Garzali, autan magatakardar wannan ƙungiya, yana korar tsuntsaye daga gero da hoge, yana jifa da hagu duk da an sha dukan hannun nan a gida. Marigayin ya roƙa a bar wa yaron hannunsa, aka bari. Shekara biyu da suka wuce, yaron yana da goma sha bakwai, marigayin ya dawo ya nemi a ba shi riƙonsa, ya tafi da shi Japan ya zauna a gidansa ya yi horo. Bayan takardun tafiya da hukuma ta yi, an ƙulla riƙon yadda muke ƙullawa, a zauren Alhaji Yahuza, gaban shaidu huɗu, aka raba goro aka shafa fatiha. Kafin ya tashi, marigayin ya ciro safar hannu ta fata, irin wadda ake cafe ƙwallo da ita, wadda ya yi wasansa na ƙarshe da ita, ya ajiye a hannun mahaifiyar yaron, ya ce ranar da ya dawo mata da ɗanta ranar zai karɓi abinsa. Tun daga nan kowace Juma'a bayan la'asar yaron yakan kira gida. Juma'a biyu ke nan bai kira ba, kuma lambarsa ba ta shiga.

Kwamiti ya ga wajibi ne ya bayyana wa jama'a yadda labarin ya zo. Wani mutum ne ya sauka daga motar Maraɗi, ya ce sunansa Abdulaziz, ya ce shi tafinta ne kuma aminin marigayin na shekaru, iyalan gidan ne suka aiko shi. Ya zo da takarda shafi uku da Faransanci, ya ce ta gaisuwa ce, a sa hannu kawai. Ba a sa ba, domin a ajin yaƙi da jahilci an koya mana kada mu dangwala wa abin da ba mu karanta ba. Mushe Dikko ya karanta mana ita layi layi, sai ga shi tana cewa iyaye sun miƙa lamarin yaron ga wani kamfani da ba mu taɓa jin sunansa ba, na tsawon shekara bakwai. Sannan mutumin ya nemi a ba shi safar, wai zai kai wa matar marigayin. Da aka fito da ita ya gani, sai ya yi ta cusa hannunsa na hagu a ciki, ta ƙi shiga, ya tambaya ko lalacewa ta yi. Ko yaro ɗan shekara takwas a filinmu ya san mai jifa da hagu a dama yake sa safa. Wanda ya yi shekaru tare da Bahago bai san cewa bahago ne ba? An karɓe safar, an ba shi ruwa ya sha, an kai kwafin takardarsa ofishin jandarma. Muna kira ga iyaye a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, duk wanda wannan mutum ya je wa da sunan marigayin, kada ya sa hannu.

Ga mai ɗakinsa, Madam Fumiye Hamagishi, da 'yarsu, da dukkan dangi da tsofaffin abokan wasansa, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta. Addininmu ba ɗaya ba ne, mun bar lamarinsa ga Mahaliccinsa, amma mun shaida bai taɓa cutar ɗan kowa a garin nan ba. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya sanyaya zukatanku, ya tsare gidan da ya bari. Ba ma zargin ku da komai, wataƙila ma ba ku san an zo da sunanku ba. Sai dai muna sanar da ku al'adarmu: idan mariƙi ya rasu, riƙo ya ƙare, yaro na iyayensa ne har sai wani ya zo da fuskarsa ya sake roƙo. Ba a gadon riƙo, ba a kuma miƙa shi ta takarda.

Saboda haka muna roƙon duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi, ɗalibi ne a can ko ɗan kasuwa, ya taimaka a fassara shi a kai gidan marigayin, a ba Garzali salula ya kira ranar Juma'a, ko da minti ɗaya ne, a ji muryarsa. Safar kuwa tana nan a rataye a ɗakin da aka bar ta, an shafa mata man shanu yadda mai ita ya koya mana. Hakkin iyalansa ce, kuma za ta je musu. Amma wanda zai ɗauke ta daga ƙusar nan mutum ɗaya ne, yaron da aka bar ta a madadinsa, sai ya shigo gidan da ƙafarsa, kuma ya san hannun da ake sa ta.

Sa hannu:
Indo Rabilu Cadawa
Magatakarda kuma mai magana da yawun Ƙungiyar Iyayen 'Yan Wasan Besbol ta Cadawa