Kafin Kawu Ya Rufe Akwati

Agege, ranar Talata.

Yaya Hansai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Abban Fadima da yara. Ya ruwan Ikorodu?

Ni dai raina a ɓace yake. Kin tuna wasiƙun ajamin da kakanmu soja ya bari, waɗanda Kawu Abdulwahid ke ɓoyo a akwatin ƙarfe? Danshi ya fara cin gefensu. Shekara guda ina roƙo ya bari in kwafe su a kwamfuta, sai jiya ya yarda. Sharaɗinsa: ba za su bar ɗakinsa ba, ba mai taɓawa sai da alwala, ranar Juma'a kuma zai rufe akwati.

Na sayo sikana, wato na'urar ɗaukar hoton takardu, 'yar gwanjo a Iyana Ipaja, na jona, shiru kake ji! Linux ɗin nan, tsarin kyauta da na sa wa kwamfutata na cika unguwa da yabonsa, bai ma san da zamanta ba. Masu ƙera ta ba su yi mata direba ba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, sai ta Windows. Na shiga dandalin masu Linux na zazzage musu kwandon zagi. Abdou mai shagon buga takardu, wanda na taɓa kira bawan kamfani don yana amfani da Windows, har da riƙe ciki don dariya.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Abdulhafiz.

Agege, ranar Asabar.

Yaya,

Ina fatan kun wuni lafiya.

Wata mata ta amsa mini a dandalin. Ba ta rama ba. Ta ce kyauta take aikin rubuta direbobi in ta taso daga ofis, ba ta da irin na'urata, in turo mata lambobin na'urar, amma sai an yi watanni. Yaya, ashe mai taimako na zaga. Na tura, na ba ta haƙuri.

Takardun kuwa ba su da watanni. Ranar Alhamis na haɗiye girman kai na je wa Abdou. Bai yi gori ba. Ya ɗauko kwamfutarsa mai Windows, ya yi alwala, muka shiga ɗakin Kawu. Shafi arba'in da ɗaya muka kwafa.

Da rubutun ya fito a allo, Kawu ya sa na ƙara masa girma. Ashe ya fi shekara goma idonsa ba ya iya karanta su, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya karanta ta farko a bayyane har ƙarshe, sannan ya ce mu fita mu ba shi wuri.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Abdulhafiz.