Masaukin Baba a Abuja

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Likita ya tsayar da rana: 22 ga wata za a cire wa Baba yanar ido a Abuja. Ni zan kai shi, kwana huɗu. Maigidana Bashir ya ce in bar masa neman masauki, na yi dariya. Shekara shida kamfaninmu na iri da taki yana tura ni taro Abuja, babu babban otal mai rassa da ban san ƙamshin sabulunsa ba. Nan fannina ne.

Talata, 8 ga Oktoba

Na tace otal-otal ɗin sun koma uku.

Na Maitama shi ne nawa. Ina da katinsu na zinare, kuma kwana huɗun nan cif su ne za su haura da ni mataki na sama kafin shekara ta ƙare. Falonsu na manyan baƙi yana hawa na tara: karin kumallo, shayi duk yini, bayan la'asar a fito da tsire da kankana. Sukan bar ni a ɗaki har ƙarfe huɗu ranar tafiya.

Na Wuse falonsa ya fi girma, amma da yamma suna jera kwalaben giya. Baba ko ƙofar ba zai taka ba. Na soke.

Na Garki wani kamfani ne daban, ba ni da maki ko ɗaya a wurinsu. Falon a ƙasa yake, ɗan ƙarami, kujeru sai ka ce na jiran likita. Abin da suke taƙama da shi: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, masallaci a haraba, kuma mai ɗaki zai iya shigo da mutum biyu daga waje su zauna. Na Maitama ba sa yarda da baƙo ko guda. To ni wa zan gayyata?

Maitama. An gama.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Daga ofis na biya gidan Baba a Ƙofar Kwaya. Na zauna gefen tabarmar Baba ina nuna masa hotunan falon a waya, sai da na kai na biyar na tuna mutumin ba ya gani sosai. Da na gama ya ce:

"Uwata, mi zan hau nema a bene tara?"

Na ce ai na'ura ke hawa da mutum. Ya yi murmushi. Can sai: "Mudassir ya san da tahiyar?"

Na ce bai sani ba. Ya ce to. "To" ɗin nan tasa.

Mudassir ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana Abuja shekara takwas. Rabonmu da magana tun rasuwar Inna. Ya iso bayan an kai ta, ya tsaya tsakar gida gaban mutane ya ce ni na ɓoye masa jikinta ya yi tsanani. Ban ɓoye ba. Jarrabawar ƙarin girma yake a makon, na ce a raina bari ya gama tukuna. Kowa a matsayina haka zai yi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kama ɗaki biyu a Maitama, masu ƙofa a tsakani. Yarinyar da ta ɗauki waya ta gane muryata. Na ji daɗi, ba ƙarya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Baba ya aiko in saya masa turmin atamfa a Babbar Kasuwa da takalmin yaro ɗan wata goma. Ban tambaya ba. Na san an yi wa Mudassir haihuwa bara, namiji, an sa masa Sada, sunan Baba. A hoto kaɗai na gan shi, a wayar Bashir.

Ta yaya ma zan san girman ƙafarsa? Na sayo biyu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na sake kiran Maitama. Na ce idan tsoho ne mara lafiya, ɗansa ya zo duba shi, fa? Yarinyar ta ce a yi haƙuri Hajiya, doka ce, sai dai su gana a ƙasa wurin karɓar baƙi, ko a ɗaki. Na ce ni mai katin zinare ce. Ta ce ta sani.

A ƙasa, cikin hayaniyar masu jan akwati, da bandeji a ido. A ɗaki kuwa matar Mudassir ba za ta taɓa sakewa a bakin gadon surukinta ba.

Bashir yana jina. Ya ce, "Fadila, wai otal kike zaɓe ko wurin ɓuya?" Na ajiye wayar. Shi bai san harkar nan ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Tsiren nasu ma ba wani tsire ba ne. Gishiri ya yi yawa wancan zuwan.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na soke Maitama, na kama Garki. Mataki na sama ya tafi sai baɗi, in da rai. Dalilai a fili suke: babu hawa, masallaci kusa, Baba yana son kunun gyaɗa. Duk wanda ya san aiki haka zai zaɓa.

Bayan sallar Juma'a na je na gaya wa Baba. Ya ce Allah shi yi albarka, ya daɗe yana riƙe da hannuna, har na rasa inda zan sa idona.

Da na dawo na tura wa Mudassir sunan otal da ranar aikin idon. Na rubuta na goge ya fi sau biyar. A ƙarshe na ƙara layi ɗaya: "Da na sani, da na kira ka tun ranar da aka kwantar da Inna."

Bai yi minti biyu ba ya amsa. "Yaya, ƙarfe nawa za ku iso? Ni zan tarbe ku."

Na ce ƙarfe biyu. Na ce ya zo da yaron.