Kwamfutar Baba Ta Ƙi Buɗe Tarihin Tsaskiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Nurain.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku. Mu nan Batsari alhamdu lillahi, ruwa ya zauna, gero ya fara fitar da kai. Inna ta ji sauƙin ƙafar, har ta je sunan gidan Surajo a Yasore.

To Yaya, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Kwamfutar tebur ɗin nan da ka aiko wa Baba don ya rubuta tarihin garin Tsaskiya, ita ce ta hana ni sakat. Ka san shekara biyu yana hawa babur yana zuwa wurin dattawa, ya dawo ya zauna yana bugawa da yatsa ɗaya. Mutum goma sha ɗaya ya ji ta bakinsu, huɗu a ciki sun riga mu gidan gaskiya. Kuma ka san halin mahaifinka: tun da yake bai taɓa iya ce wa baƙo a'a ba. Ashe duk lokacin da wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana neman izini, sai Baba ya danna masa "to". Da na yi magana, wai abin da ya roƙe ka cikin ladabi ai ba ka kunyata shi. Haba Yaya! Na'ura ce fa, ba surukinsa ba!

Ranar Laraba kwamfutar ta roƙe shi ya bari ta canza tsarinta gaba ɗaya zuwa sabo, ya ce bismilla. Ta yini tana juye-juye. Da ta gama, manhajar da yake rubutu da ita ta ce atafau ba za ta tashi a kan sabon tsarin ba. Rubutun yana ciki, muna ganin sunansa da idonmu, amma ko ka danna sau ɗari ba ya buɗewa. Na rungumi kwamfutar a bayan babur na kai wa Sammani mai gyara a bakin kasuwa. Bai ko gama saurarena ba ya ce a goge komai a zuba sabo, za ta dawo garau. Wallahi ƙiris ya rage in zage shi, sai dai na ɗauke kayana na fito. A Katsina ne wani ya ce za a iya mayar da ita yadda take, amma sai da faifan da ya zo da ita da lambar da ke bayan kwalinsa. Mun birkice gidan nan kaf, sai Inna ta tuna kai ka tafi da shi, wai kada ya ɓace a hannunmu. To ga shi bai ɓace ba, mun gode.

Abin da ya fi ci mini rai, Baba ya sayo littafi ya fara sake rubutawa daga ka, da idon nan nasa. Jiya ya kira ni yana tambaya ko na tuna sunan rijiyar da marigayi Hamma, ɗaya daga cikin dattawan nan, ya ce kakanninmu sun fara sauka a bakinta. Ban sani ba. Ya daɗe riƙe da biro, sannan ya bar wurin sunan fili ya ci gaba da rubutu. Raina ya ɓaci sosai, don babu sauran mai rai da ya san sunanta. Don Allah ka nemo faifan nan ka ba direban da ke zuwa Katsina cikin satin nan, kada ka ce sai ka zo da Sallah.

Ka gaida Anti Rahma, ka shafa mini kan Mubarak da Zinariya. Inna da Uwani suna gaishe ku. Baba ma yana sa maka albarka, ya kuma ce lallai in shaida maka kwamfutar tana aiki lafiya lau, kada ka ji kyautarka ta ba shi wahala. To, na shaida maka.

Ƙanwarka,
Mahfuza