Ka Karɓe Motar da Ka Ba Ɗanka

Unguwar Pantami, Gombe.

Zuwa ga ƙanena Abdulrasheed,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da so da begen ganinka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bilkis da yara, ya kare ku daga sanyin Jamus da wahalar baƙunta, ya sa albarka a neman da kuke yi, amin. Mu nan alhamdu lillahi. Umma tana samun sauƙi, gwiwar ce dai har yanzu ba ta barinta ta yi salla a tsaye, amma bakin nan nata garau yake, jiya ma sai da ta wanke mai kawo mana nono tas a kan ta tsuga masa ruwa. Damina ta yi kyau, masarar bayan gida ta yi goyo, sai dai kwarin nan na ƙarshen layinmu ya ƙara cin ƙasa har ya kusa katangar maƙwabta. 'Yata Khairiyya ta gama jarabawa tana jiran sakamako. Ita ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka ta waya, domin abin da ke bakina, in na ce da murya zan faɗe shi, kuka zai riga ni.

Maganar motar da ka aiko wa ɗanka ce. Ka san ɗana na fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba, haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi, kuma ba yau zan fara ba ko a takarda. Ranar da motar ta iso bayan ya gama bautar ƙasa, rabin Pantami sai da ya fito kallo. Ga ta a ƙasa kamar an kifa tasa, ƙofa biyu, kujera biyu. Umma ta zagaya ta da sandarta ta tambayi inda ake sa buhun masara, da aka ce mata injin ne a baya, but ɗin zuba kaya kuma a gaba, sai ta ce wanda ya ƙera motar nan ba shi da dangi. Mun yi dariya, mun yi maka addu'a, ni ma a ɗaki na yi ta murna ni kaɗai. Tun daga ranar, duk sanda ka kira ka tambayi motar, amsa ɗaya kake samu daga kowa: lafiya lau take. Ba don muna son yi maka ƙarya ba. Kyauta ce, ba a kushe kyauta, balle ta kawu da ya tsame daga guminsa a ƙasar mutane. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Abdulrasheed. Motar nan ta kusa kashe mini 'ya'ya biyu a rana ɗaya.

Ga yadda abin ya faro. Ba ta jima a hannunsa ba wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta fara kamawa a gaban sitiyari. Babansa, Malam Ɗan'azumi, ya ce a kai wa Ɗantala. Ka tuna Ɗantala, makaniken da ya riƙe tsohuwar motar Baba har ta ga jikoki, mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Sai dai ya yi mata abin da yake yi wa kowace tsohuwar mota 'yar Kwatano da ta shigo garejinsa. Ya cire wani ɗan ƙarfe da ke tsare zafin inji, tamostat suke ce masa, wai don ƙasar ƙanƙara aka yi shi, a Gombe ba shi da aiki. Ya haɗa fanka ta dinga juyawa daga an tayar da mota har a kashe. Ya juye baƙin man da ka aiko da shi, wai ya cika ruwa-ruwa, ya zuba mai kauri irin wanda 'yan tasi suke sa wa nasu. Fitilar kuwa da ta ƙi mutuwa, sai ya yanko baƙin tef ya liƙe ta, ya ce tsoro ne irin na Turawa, mota in tana tafiya lafiyarta ƙalau. Malam ya dawo yana yabonsa, wai hannun Ɗantala ko jirgin sama aka ba shi sai ya tashi. Ni dai da na ji an rufe wa mota baki don ta daina ƙorafi, gabana ya faɗi, amma wa zai saurari mace a maganar inji?

Watan da ya wuce, da hantsi, ɗanka ya ɗauki Khairiyya za su je Bajoga gaishe da gwaggonsu. Ka san hanyar nan da tirelolin siminti. Ya fita zai wuce wata doguwar tirela, ya taka mota, sun kai tsakiyar tirelar sai Khairiyya ta ji wata ƙara a bayan kujerarta kamar an zuba tsakuwa a turmi ana daka, daga nan injin ya ɗauke ɗif. Ga tirela a dama, ga tankar mai ta taho a gabansu tana danna oda. Ta ce ta ga yana kokawa da sitiyari da hannu biyu, ya yi tauri ya ƙi juyuwa, tana salati yana salati. Allah cikin ikonsa ya ba shi sa'a ya karkatar da ita hagu, suka gangara cikin gonar mutane, suka kwantar da masara mai yawa kafin ta tsaya. Iskar tankar ma sai da ta girgiza su. Khairiyya ta fashe a goshi, an yi mata ɗinki, shi kuwa ko ƙwarzane. Umma an ce mata ƙofar kicin ce ta buge yarinyar, kai kuma ba wanda ya gaya maka komai. Ranar da na ga rigar Khairiyya da jini, a tsakar gida na zauna daɓas.

Aka jawo motar da igiya zuwa gari. Ka san Nkechinyere, wadda muke koyarwa tare a firamare, mijinta Ikenna yana sayar da kayan gyaran mota a wajen Arawa. Shi aka kira ya duba ko za a samu kayan. Ya yanka filtar mai ya nuna musu, cike take da garin ƙarfe yana ƙyalli. Ya gaya wa matarsa, ita kuma ta same ni a ofishin malamai ta rufe ƙofa ta gaya mini. Ya ce shi ba zai rantse cewa aikin Ɗantala ne kaɗai ya kashe injin ba, ko da yake ya taimaka. Ya ce irin wannan injin, na waɗannan shekarun, masu harkar sun san shi da wani ɗan boris, zoben ƙarfe mai juyawa, a can cikin cikinsa, wanda in ya tashi fashewa ba ya sallama. Wasu masu harkar suna cewa biyar a cikin ɗari ne suke yin haka, wasu suna cewa goma, ba wanda ya san gaskiyar lissafin, kuma ba mai iya gane wanda zai yi sai an farke injin gaba ɗaya. A can wurinku, in ji shi, akwai masu na'urar dubawa da masu canza boris ɗin tun kafin ya lalace. A nan kuwa sai dai a sa kunne a ce Allah ya kiyaye. Ban tambaye ka ko ka san da wannan lokacin da ka saya ba, kuma ba na tambaya, na san da zuciya ɗaya ka yi.

Na ɗauka shi ke nan, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, za a rufe motar da tampol a huta. Ina! Ɗanka ya nemi Ikenna ya samo masa wani injin na hannu, Ikenna ya ƙi, ya ce tsohon inji daga kasuwa kamar ƙwai ne a kwando, ba ka sanin baragurbi sai ka fasa. Sai yaron ya tsallake shi ya sa wani ya auno masa daga Legas. Injin ya iso, yanzu haka yana garejin Ɗantala ana ɗorawa, kuma Ɗantala ya riga ya ce shi ma sai ya gyara masa zama irin na ƙasar zafi. Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: Asabar ta sama ake bikin abokinsa Titus a Kaltungo, shi ne babban abokin ango, ya yi alkawari a motar nan zai ɗauki ango daga Gombe. Ka san hanyar Kaltungo da hawa da gangara da manyan motoci. Ka kuma san abin da samarin yanzu suke yi a jerin gwanon biki, kowa yana so a ga tasa ce a gaba.

Khairiyya ta yi masa magana, tana nuna masa tabon goshinta. Ya buɗe waya ya karanto mata lissafin Turawa, wai ko a ƙiyasin da ya fi muni, casa'in cikin ɗari lafiya suke ƙare rayuwarsu, kuma tsautsayi ba zai faɗa wa mutum ɗaya sau biyu ba. Ina ɗaki ina jin su ta taga. Kai, karatu ma wani lokaci masifa ne. Su masu lissafin mota ɗari gare su, in goma sun fashe sai su rubuta su wuce. Ni ɗa namiji ɗaya gare ni. Da ta matsa masa, sai muryarsa ta sauka, na ji ya ce, "To me zan ce wa Kawu? In ce masa motar da ya sha wahala ya aiko mini na jefar da ita a gareji?" A nan na gane ba taurin kai ne kaɗai ba. Yaron nan tsoron motar yake ji, na lura ko a mashin aka ɗauko shi, in tirela ta gifta sai ya runtse ido. Kunyarka ce take tura shi cikinta.

Na kai maganar gaban Malam, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma shi ba zai sa baki a sayar da kyautar surukinsa ba, kada a ce ya raina ka. Umma ba ta san komai ba, in ta sani hawan jininta zai tashi. Saura ni. Shekaranjiya bayan la'asar na ɗaura niyya, na ce yau kam kunya ta yi haƙuri. Na je har ƙofar ɗakinsa, yana zaune yana goge takalmin bikin. Ya ɗago kai ya gan ni, ya miƙe tsaye a rikice don bai saba ganina a wurin ba. Na buɗe baki, wallahi Abdulrasheed maganar tana nan a maƙogwarona, amma abin da ya fito shi ne, ko ya ci abinci. Ya ce ya ci. Na juyo. Na ji haushin kaina ranar kamar in mari fuskata, shekara ashirin da wani abu ina kawar da kai daga yaro, yau da nake bukatar bakina ya ƙi buɗuwa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma na san ba ƙarami ba ne. Kada ka kira shi ka ba shi shawara, zai ce maka to Kawu, ya ajiye waya ya shiga motar don ya nuna maka ba ta da laifi. Kada kuma ka ce ka yafe masa ya sayar, zai ɗauka kara kake yi masa. Ka kira shi kafin Juma'a, ka ɗaure fuska, ka ce ka fasa kyautar, kana son motarka, ya kai makullin wurin Ikenna a ranar, kada ya ƙara tayar da ita. Kada ka ba shi dalili. Na san abin da malamai suke faɗa a kan mai karɓe kyautarsa, na san dangi za su ce ka yi amai ka lashe, za a ce zaman Turai ya mayar da kai marowaci. Ɗanka zai ji kunya a gaban abokansa, zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai gaishe ka ba, kai da yake ji da kai fiye da kowa. Duk na auna wannan kafin na ɗauki biro. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi, yau ina roƙon ka ba ni sunanka a ɓata. Na gwammace ya shekara yana gaba da kai yana yawo da ƙafarsa a Pantami, da a kira ka cikin sanyin nan a ce ka yi haƙuri.

Ka gaishe mini da Bilkis da kyau, ka ce mata kuka da daddawar da ta ce in aiko suna nan na ƙulle, ina jiran mai tafiya. Ka shafa mini kan yara. Umma tana gaishe ka, tana sa maka albarka kullum bayan salla. Malam Ɗan'azumi yana gaisuwa, Khairiyya ma tana gaida Kawunta, haka Nkechinyere da Ikenna. Gaisuwar ɗanka ce kawai ban sa ba, don bai san na rubuto ba, kuma in ka yi abin da na roƙe ka, kada ka sa ran jin ta nan kusa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa.

Wassalam.

Yayarka,
Barira.