Aron Gonar Baba

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Yau na jefa tambaya ta huɗu a zaurenmu. Wai zaure, alhali 'yar alama ce: #ZaurenKarayeDaRogo. Mu goma sha tara ne masu shafukan rubutu a intanet daga Karaye da Rogo. Duk sati biyu nakan kawo batu, kowa ya rubuta ra'ayinsa a shafinsa ya liƙa alamar a ƙasa, ni kuma in latsa ta in tattaro su wuri ɗaya. Ni na ƙirƙiro, kuma ina ji da abina, ba ƙarya. Wancan karon da muka yi kan garin da ya fi iya ƙuli-ƙuli, kaɗan ya rage a daina gaisawa.
Tambayar yau: gayya mutuwa ta yi, ko mu muka kashe ta?
Wani abin daɗin, Malam Sanusi, tsohon hedimastanmu, ya buɗe shafi ya shigo cikinmu. Shekara saba'in da ɗoriya. Kowa sai murna.

Laraba, 3 ga Yuli
Bari in faɗi gaskiya, tunda ba mai karanta wannan. Ba don son tarihi na kawo batun gayya ba. Gonar gyaɗar Baba ce a Beli. Ƙafarsa ta hana shi sunkuyawa, Yaya Ƙasimu yana Fatakwal, 'yan ƙodago kuwa ya rantse ba za su ƙara taka masa gona ba tun da suka sare masa gyaɗa tare da ciyawa bara. In aka ƙara sati biyu ba a nome ta ba, shi ke nan, kuma irin da ya gada ne wajen Kaka. Baba ba zai roƙi kowa ba. Ni ma 'yarsa ce. So nake wani ya ce a tayar da gayyar, sai in lallaɓa in ambaci Beli kamar ba komai.
Maigidana Muhsin ya ce in fito fili in faɗa musu kawai. Allah ya kiyaye.

Juma'a, 5 ga Yuli
Rubutu goma sha ɗaya, ra'ayi ko ɗaya babu! Gaisuwa ce zalla: ina gajiya, yaya damina, yaya iyali, sannan "muna jiran abin da Malam zai ce." Har Lantana ta Rogo Sabon Gari, wadda bakinta ba ya rufuwa ko a gidan makoki, ta koma saliha. Wa zai sha gaban Malam?
Shi kuma Malam ɗin, tsit.

Lahadi, 7 ga Yuli
Na je Beli. Ciyawa ta fara shanye gyaɗar. Na tambayi Baba gona, ya ce, "Sai godiya." Na koma bayan rumbu na share hawayena.

Talata, 9 ga Yuli
Na gaji da jiran gawon shanu. Daga makaranta na zarce gidan Malam da ƙullin goro. Bayan gaisuwar da ta kusa kai mu la'asar, na ce, "Malam, ranka ya daɗe, kai kaɗai ake jira."
Ya cire tabarau. "Ni ake jira? Ai ni ke jiranku, Munawwara. Babba rufe magana yake yi, ba buɗe ta ba. In na fara, wa zai ƙara cewa komai?"
Ashe kwana takwas muna kallon-kallo, su suna girmama shi, shi yana ba su fili. Na yi dariya har mayafina ya zame. Ni da nake ganin na iya tsara zaure, wannan ko a mafarki bai zo mini ba.
Zan tashi ya ce, "Yaya ƙafar abokina Sulle?" Na ce Baba ya samu sauƙi. "Gonar fa?" Na ce sai godiya. Ya ɗan jima yana kallona. "Haka Sulle ma yake cewa."

Laraba, 10 ga Yuli
Da hantsi Malam ya rubuta layi ɗaya: "Na amsa gaisuwa, ku yi magana, ina daga baya." Ya liƙa alamar daidai, kamar ya shekara yana yi.
Sai ga ruwan rubutu. Suhaibu na Yola, ta nan Karaye, ya ce maganin feshi ne ya kashe gayya. Lantana ta ce ƙarya ne, ranar da fura ta fara tsinkewa maza suka daina zuwa. Wasu sun ce a dawo da ita, wasu sun ce zamani ya wuce wurin. Na tattaro goma sha bakwai, wayata har zafi take. Daɗi ya cika ni, amma ba wanda ya ce a ɗauki fartanya.

Alhamis, 11 ga Yuli
Malam ya rufe. Na kwafe shi a nan don kar ya ɓata:
"Kowa ya yi magana mai kyau. Amma ba a sanin gayya ta mutu ko tana numfashi sai an kai ta gona. Na roƙi abokina Malam Sulle na Beli ya ara mana tasa mu gwada, kuma ya yi mana alfarma. Asabar da sassafe."
Ya ara mana. Sau biyar na karanta wurin nan.

Asabar, 13 ga Yuli
Mutum arba'in da uku, don kowa ya jawo na gidansu. Muhsin ya zo da abokansa. Suhaibu mai kurin feshi, kunya biyu ya yi hannunsa ya yi bororo, Lantana ta bi shi da tsiya har inuwa. Ita ta dama furar, mai kauri, wai kar a ce. Baba yana kan kujera a gindin ɗorawa da sandarsa, yana ta ba da umarni: "A bi a hankali, gonar aro ce!" Rabon da in ji dariyarsa irin haka tun kafin ciwon. Kafin azahar gona ta yi tas, gyaɗa ta fito layi-layi tana shan iska.
Na je yi wa Malam godiya, ya ce wace godiya, ai mu ne za mu gode wa mai gona.

Litinin, 15 ga Yuli
Tambaya ta biyar: gonar wa za a ara gaba? Na ƙara doka guda, Malam ne mai rufewa. Wata biyu ina buɗe zaure ban san ana rufe shi ba.
Na san ba wanda zai fara ambaton tasa. Shi ya sa kawai, ba don komai ba, na rubuta a sama: "Ta farko ta babana ce, kuma dominsa na yi tambayar. Kunya ce ta hana ni faɗa."
Muhsin ya leƙo ya karanta, ya yi murmushi. Na ce ya daina kallona.
Ban goge ba.