Dutsen Ƙauyenku a Allon Silima

Busan, 9 ga Afrilu, 1956

Zuwa ga Yaya Jeong-im, a Osaka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya yaye miki ciwon gwiwar nan. Mu ma lafiya lau, 'yarki Yeong-ja har ta shiga aji uku.

Yaya, kin san maigidana, ƙanenki Tae-gon. Tun da yaƙi ya koro mu daga Hamhung babu mai sayen zanensa na duwatsu da koguna, don mai jin yunwa ba ya kallon bango. Dole ya koma zana allunan tallan silima. To, mai hali ba ya fasa halinsa. Kowane fim aka ba shi, sai ya cusa dutsen ƙauyenku a bayan 'yan wasa, har da karkataccen itacen nan. Mai silimar ya ce shi fuskokin 'yan mata yake so, ba tudun garin wani ba, in ya sake ya kama gabansa. Ni ma na ce masa dutse za mu dafa wa yara? Ya yi dariya, wai hannun ne ba ya jin magana.

Ranar Laraba yana kan tsani, wata mai tallar kifi ta sauke daronta, ta ƙura wa allon ido, ta ɗaga murya tana tambayar wa ya san itacen bayan gidansu. Ya waiwayo. Yaya, Bok-nye ce, autarku, wadda ta suɓuce masa a turmutsitsin shiga jirgin ruwa shekara biyar da suka wuce! Ashe kasuwa ɗaya muke ci ba mu sani ba. Garin saukowa fenti ya wanke masa riga, ita kuwa tana kuka tana masa tsiya, wai ya tsufa, kuma itacen nan ta hagu ya karkata, ba ta dama yadda ya zana shi ba.

Tana wurinmu yanzu. Ta rame, amma lafiyarta ƙalau. Taliyar sanyi irin ta gida kwano biyu ta tashi da ita. Mai silima kuwa ya daina zancen kora.

Ki gaida maigidanki Yaya Man-seok, da ɗanki Gil-su da amaryarsa. Bok-nye ba ta iya rubutu ba, shi ya sa ta dangwala yatsa a shuɗin fenti a ƙasan takardar nan. Ta ce ki ɗora naki a kai.

Taki, matar ƙanenki,
Ok-bun