Bugun Zuciyar da Yaya Ta Ji

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Mama na gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Yaya, wai laifin me na yi miki? Wata biyar ke nan da na haifi ɗana ba rai, sau ɗaya tak kika leƙo ni, shi ma a tsaye, ko jaka ba ki ajiye ba. In na kira wayarki sai babbar 'yarki ta ɗauka ta ce kin kwanta. Jiya na biya asibitinku, wata abokiyar aikinki ta ce min kin ajiye aiki. Ke da kika shekara goma sha takwas kina karɓar haihuwa, a bakin wasu zan ji? Shi ya sa na rubuto, tunda takarda dai ba a ce mata kin kwanta.

Taki,
Auta

*

Ƙanwata Auta,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Ki gaida Mama da mai gidanki.

Ba ki yi min komai ba. Kunnena ne. Ya fi shekara da fara min wata siririyar ƙara a ɓangaren hagu, irin ta famfo in ruwa ya ɗauke yana fitar da iska. Ba ta tsayawa. Na ɓoye wa kowa har abin ya fi ƙarfina. Waya tana tsananta ta, shi ya sa nake gudunta.

Abin da ban zata ba shi ne yadda jikina ya zama mai surutu. In na haɗiye yawu ina ji. In na juya wuya ina jin ƙashi yana ƙas-ƙas. In na hau bene sai jinina ya riƙa bugawa a cikin kunnen, dum, dum. Likitan kunne ya ce jina na waje ya ragu, shi ya sa na cikin jiki ya fito fili. Mai irin wannan lalura ba ta da abin yi a ɗakin awo.

Allah ya ƙara miki haƙuri.

Yayarki

*

Yaya tawa,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ba ki lafiya, amma wallahi kin ba ni haushi. Ciwo shekara guda, ni ina nan ina zargin kaina! Ko da yake ke da ma tun muna yara kunnen nan ba ya jin kiran Mama in dai wanke-wanke ne, yanzu kuma kin samu shaidar likita.

To ga albishir, kada ki gaya wa Mama tukuna. Ina da ciki, wata uku. Tsoro ya hana ni mai da hankali a kan keken ɗinki, har na ɓata wa wata mata wuyan riga. Mai gidana ya ce mu je babban asibiti, na ce ni hannun Yayata kawai na yarda da shi. Ban manta ranar da na zo miki a rikice ba, kika saurari cikina, kika shafa kaina kika ce, “Ga shi nan yana bugawa, je ki huta.” Duk da abin da ya biyo baya, ban taɓa samun natsuwa irin ta ranar ba. Ko a gida ne, ki riƙa duba ni. Don Allah.

Autarki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Allah ya raba lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar da kike magana, kin shigo da hantsi kin ce tun jiya bai motsa ba. Na'urarmu ta sauraren bugun jariri tana wurin gyara, sai na ɗauko ƙahon da muke karawa a ciki. Na sa kunnen hagu, don da shi na saba. Na ji bugu, mai sauri, daidai yadda nake roƙon Allah in ji. Ban sauya kunne ba. Ban kira wata ta sake saurara ba, alhali akwai mu uku a ɗakin. Ban tura ki sikanin a ɗauki hoton cikin ba. Na ce ki je ki huta.

Bayan kwana biyu aka ce babu rai.

Mako uku da yin haka, wata mai ciki ta kwanta a gadon nan. Na ɗauki ƙahon, tun ban kai shi jikinta ba na ji bugun nan, shi ɗin dai, da saurinsa. Ƙahon yana hannuna a iska. Zuciyata ce, Auta. Ranar da kika zo tsoro ne ya sa take gudu, na ɗauka ta ɗanki ce.

Ban sani ba ko yana da rai a lokacin. Na karanta fayil ɗinki har na haddace, ba amsa a ciki. Wataƙila da na tura ki da an ciro shi yana kuka. Na san kunnena ba lafiya, na yi shiru don kada a ce na gaza aiki.

Ba zan taɓa cikinki ba. Ki bi maganar mijinki. Ban roƙe ki gafara ba, don ban ga da wane baki zan roƙa ba.

Yayarki

*

Yaya,

Salam. Mun je babban asibiti, sun ce komai lafiya.

Sati biyu ina fara takarda ina yagawa. Ban gaya wa mai gidana abin da kika rubuto ba, ban gaya wa Mama ba, kuma ba zan faɗa ba. Kada ki zo yanzu, kada ki rubuto. Ki ci gaba da zuwa wurin likitanki.

Ranar da naƙuda ta tashi zan sa a kira ki. Ban san ko zan iya kallon fuskarki ba. Ki zo dai, ki zauna a benci a waje, in san kina nan.

Auta